Ƙidayar Haihuwa ta Zariya: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

1. Maƙasudin Darasi

Da wuya a sami hakimin da ya shekara a ƙasarsa ba a zo masa da labarin macen da ta rasu a kan gwiwa ba. Dagaci ya kan aiko, a je a yi ta'aziyya, a yi sadakar uku da ta bakwai, daga nan magana ta wuce. Ba safai a kan tsaya a tambayi awa nawa ta yi tana naƙuda ba, ko wa aka tsaya jira kafin a ɗauke ta, ko kuwa ta taɓa zuwa awo tun da ta sami cikin. Da ya ke ba a tambaya, ba a kuma rubutawa, sai abin ya zama kamar ba shi da dalili, alhali kuwa yana da shi.

An shirya wannan darasi ne domin hakimai da malamansu su san abin da likitocin jami'a suka gano game da wannan al'amari, tun daga babbar ƙidayar da aka yi a Zariya har zuwa binciken da ya biyo bayanta. Gundarin abin da suka gano shi ne, yawancin matan da ke mutuwa wajen haihuwa cututtuka masu magani ne ke kashe su, sai dai ba su kan isa wurin maganin da wuri ba. Maganin yana hannun likita. Isa da wuri kuwa yana hannun mutanen gari da shugabanninsu.

2. Yadda Aka Yi Ƙidayar

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka buɗe sashenta na koyar da aikin likita a 1967. A 1972 Likita Kelsey Harrison ya zo Zariya a matsayin Farfesa, watau Shaihun Malami, a fannin haihuwa da cututtukan mata. Mutumin Abonnema ne a Jihar Ribas, ya yi karatu a Ibadan da Landan, ya kuma yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan kafin ya hau Arewa. A asibitin jami'a da ke Tudun Wada ya tarar ana ta kawo mata rai a hannun Allah, ko wane ma'aikaci kuma da irin dalilin da ya ke bayarwa. Sai shi da abokan aikinsa suka yanke shawarar a bar zato, a koma ga ƙidaya, tun da gani ya kori ji.

Ƙa'idar da suka kafa ita ce, ko wace haihuwa aka karɓa a asibitin sai an rubuta ta, ba a tsallake ko ɗaya, ko ta mai kuɗi ko ta talaka, ko an sauka lafiya ko ba a sauka ba. A kan rubuta shekarun mace, da tsawonta, da ko haihuwarta ta nawa ce, da ko ta yi makaranta, da ko ta zo awo, da cutar da ta same ta, da nauyin jaririn, sa'an nan da yadda aka ƙare. Haka aka yi ta yi daga 1976 zuwa 1979, har aka tara bayanin haihuwa 22,774. Aka ɗauki shekaru ana lissafi, kāna aka buga sakamakon a 1985 a mujallar likitocin haihuwa ta Ingila.

3. Abin da Ƙidayar ta Nuna

A cikin wannan adadi mata 238 suka rasu, watau wajen 10 cikin ko wace 1,000. Da aka rarraba su sai wani abu ya fito fili. Mata 219 daga cikin mamatan ba su taɓa zuwa awo ba, an kawo su ne bayan abu ya riga ya ɓaci. Waɗanda suka yi awo 19 ne kaɗai suka rasu, ko da ya ke su ne suka fi yawa, don marasa awo wajen sulusin jimlar ne kawai. In aka sauƙaƙa lissafin, a cikin marasa awo mace 1 ta rasu cikin ko wace 35, a cikin masu awo kuwa 1 cikin wajen 800.

Mai hankali zai iya cewa wannan gwaji bai yi adalci ba, domin macen ƙauye da ta haihu lafiya a ɗakinta ba ta zo asibiti ba balle a ƙidaya ta, waɗanda suka sha wuya ne kaɗai aka kawo. Wannan magana gaskiya ce, shi ya sa ba a ɗaukar ƙidayar asibiti a ce ita ce ƙidayar ƙasa duka. Amma akwai wani gwajin da ya fi wannan ƙarfi. A cikin masu awo ma akwai dubbai da cikinsu ya zo da matsala, irin su hawan jini da ƙarancin jini da zubar jini. Duk da haka waɗanda suka rasu a cikinsu ba su kai 4 cikin 1,000 ba, alhali marasa awo sun kusa 29 cikin 1,000. Cutar iri ɗaya ce, asibitin ɗaya ne. Bambancin shi ne an ga wasu tun cutar tana ƙarama, wasu kuwa sai da ta ci ƙarfinsu.

Ƙidayar ta kuma nuna waɗanda haɗari ya fi fuskanta: 'yan mata masu cikin fari da ba su wuce shekara 15 ba, da gajerun mata, da waɗanda suka yi haihuwa da yawa har ƙarfinsu ya ragu. Ta nuna kuma matan da suka yi makaranta galibinsu suna zuwa awo, mutuwa kuma ba ta da yawa a cikinsu. Saboda haka Farfesa Harrison ya dage a kan cewa ilmin jama'a, musamman na 'ya'ya mata, yana cikin manyan magungunan wannan masifa. Aikin nan na Zariya yana cikin abubuwan da suka farkar da duniya, har aka yi babban taro a Nairobi ta ƙasar Kenya a 1987 domin kare rayukan masu haihuwa.

4. Doguwar Naƙuda da Yoyon Fitsari

Idan ƙugun mace ya yi wa kan ɗa kaɗan, ko kuwa ɗan ya kwanta a gicciye, ko kwana nawa za ta yi tana yunƙuri ba zai fito ba. Kan ɗan ya kan danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina gudana a wurin, naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki wurin ya huje, fitsari ya riƙa zuba dare da rana ba tare da ta iya riƙe shi ba. Galibi ɗan ya kan mutu a ciki. Macen da ta sha haihuwa kuwa mahaifarta na iya fashewa, ta rasu nan take.

Wani bincike na asibitin jami'ar, wanda aka buga a 1983, ya duba mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka karɓa daga 1969 zuwa 1980. A cikin ko wace 100, doguwar naƙuda ce ta jawo wa 83, yankan gishiri kuma ya jawo wa 13. Yankan gishiri shi ne yankan da unguwarzoma ko wanzami ke yi wa mace a gaba da aska ko reza, da nufin buɗe hanya. Ba ya buɗe ta, domin ƙashi ne ya tare ɗan, aska kuwa sau da yawa mafitsara ta ke samu. Abin da ke ceton uwa da ɗa a irin wannan hali shi ne a yi mata aiki a asibiti a ciro ɗan.

Yoyon fitsari ba sammu ba ne, ba kuma alhakin wani ba ne. Ana ɗinke shi, mafi yawan waɗanda aka yi wa aiki suna warkewa. Akwai cibiyar wannan aiki ta ƙasa a Babbar Ruga ta Katsina, akwai kuma wasu a Kano da sauran manyan garuruwa.

5. Ƙarancin Jini da Mai Cikin Fari

Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar da wata za ta jure ita sai ta kai ta kushewa. Saboda haka Farfesa Alan Fleming, masanin cututtukan jini a jami'ar, tare da Farfesa Harrison da wasu, suka yi gwaji da mata Hausawa 200 masu cikin fari a Zariya. Aka kasa su kashi biyar, aka bambanta abin da a ke ba ko wane kashi daga cikin maganin rigakafin zazzaɓin sauro, da ƙwayar ƙarfe, da ƙwayar folik, domin a ga wanne ne ke aiki. Sakamakon da aka buga a 1986 ya nuna zazzaɓin sauro shi ne babban mai shanye jinin mai cikin fari, rigakafinsa kuwa yana rage ƙarancin jini mai tsanani ƙwarai.

A cikin wannan aiki aka lura da wani abin mamaki. 'Yan mata ƙanana da aka ba waɗannan magunguna, da yawansu sun ƙara tsawo suna ɗauke da ciki, santimita 2 ko fiye. Watau yarinyar ba ta gama girma ba ta sami ciki, ita da ɗan suna rabon abinci ɗaya. Darasin da ke nan biyu ne: ya fi kyau yarinya ta gama girma kafin ta ɗauki ciki, in kuwa ta riga ta ɗauka, to, lalle a kai ta awo da wuri, ta kuma haihu a asibiti.

Magungunan zazzaɓin da aka yi gwajin da su sun rage ƙarfi daga baya, an canja su. Abin da a ke yi yanzu a wurin awo shi ne a ba mace ƙwayar rigakafin zazzaɓi tun daga wata na 4, sau ɗaya a wata, aƙalla sau 3 kafin ta haihu, tare da ƙwayoyin ƙarin jini da gidan sauro mai magani. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa, na farko tun cikin bai wuce wata 3 ba.

6. Jijjiga da Zubar Jini

Jijjiga ita ce mai ciki ko mai jego ta sandare, ta riƙa taune harshe, ta fita hayyacinta. Mutane su kan ce iska ce, su tsaya hayaƙi da tofi. Asalinta hawan jini ne da ciki ke kawowa, ta kan kuma yi sallama kafin ta zo: ciwon kai mai tsanani, da kumburin fuska da hannu, da gani dishi-dishi. A 2002 aka buga sakamakon wani gwaji da Jami'ar Oksfod ta Ingila ta jagoranta, da mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33. Ya nuna allurar magnesiyam salfet, wadda ba ta da tsada, tana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. Amma ba a san mai bukatarta sai an auna jininta an duba fitsarinta, wannan kuwa aikin awo ne.

Zubar jini bayan haihuwa ya fi ko wace cuta gaggawa, yana iya kashe mace lafiyayya cikin awa 2. A 2017 wani gwaji da mata 20,000 a ƙasashe 21, wanda asibitocin Nijeriya suka shiga, ya nuna allurar tiranezamik tana rage mutuwar zubar jini da wajen sulusi, muddin an yi ta cikin awa 3 da haihuwa. In an wuce haka ba ta da amfani. A 2023 kuma aka buga wani babban gwaji mai suna E-MOTIVE, na Jami'ar Bamingam da Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano ta jagoranci sashensa na Nijeriya. An yi shi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata fiye da 200,000. Dabarar ita ce a shimfiɗa wa mace wata roba mai aljihu da ma'auni, jinin ya taru a ciki, a daina kintace da ido. Da zarar ma'aunin ya nuna haɗari sai a haɗa mata dukan magunguna a lokaci guda, ba a jira a ga ko na farko zai yi aiki. Wannan ya rage mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kashi 60 cikin 100. A nan ma lokaci ne ya raba mai rai da mamaciya.

7. Kumburin Bayan Haihuwa

Akwai wata cuta ta zuciya da ke kama mai jego, ƙafafunta su kumbura, numfashi ya gagare ta, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Likita Davidson da Farfesa Parry sun duba mata 224 masu wannan cuta a Zariya, suka buga bayaninsu a 1978. Su sun zargi yawan shan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta, domin gishiri da zafi suna ɗora wa zuciya kaya. Bayan shekaru 42, watau a 2020, Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka buga wani binciken da ya haɗa asibitoci daga sassan Nijeriya. Su ba su sami alaƙa tsakanin cutar da waɗannan al'adu ba. Abin da suka samu shi ne rama, da rashin ilmi, da rashin sana'a, da hawan jini lokacin ciki.

Ba abin kunya ba ne bincike ya gyara bincike, haka ilmi ke tafiya. Abin da ba a yi saɓani a kansa ba shi ne, mai jegon da ta kumbura ko ta ke haki a daina ba ta kanwa da gishiri, a kai ta asibiti ba tare da jiran arba'in ba.

8. Jinkiri Iri Uku

A 1994 wasu masana biyu na Jami'ar Kolumbiya ta Amurka suka kasa jinkirin da ke kashe masu haihuwa kashi uku. Na farko jinkirin yanke shawara a gida: maigida ya yi tafiya ba wanda zai ba da izini, ko yarinya tana kunyar cikin fari ta ɓoye naƙuda, ko tsofaffi su ce a ƙara haƙuri. Na biyu jinkirin hanya: ba mota, ba kuɗin mai, ko rafi ya kawo. Na uku jinkirin asibiti: ba likita, ba jini, ba magani. Na ukun alhakin Gwamnati ne da ma'aikatan lafiya, hakimi sai dai ya kai ƙara ya kuma bi sawu. Na farko da na biyu kuwa a ƙasarsa su ke, ba kuma wanda ya fi shi ikon rage su.

9. Aikin Hakimi

Na ɗaya, ya tara dagatai da masu unguwa da limamai, a sanar da magidanta cewa ko wane mutum ya bar izini tun kafin watan haihuwa, in naƙuda ta zo ba ya nan a kai matarsa asibiti. Wadda ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, iznin ya bi ta can. Ajali na Allah ne, amma neman magani ba ya warware tawakkali.

Na biyu, a koya wa jama'a alamun da ba a kwana da su: zubar jini, da jijjiga, da ciwon kai tare da kumburi, da zazzaɓi mai zafi, da fitowar hannu ko cibiya kafin kai, da mabiyiya ta ƙi faɗowa, da naƙudar da ta kai awa 12, watau daga hantsi har bayan lisha. Iyaye mata su gaya wa masu cikin fari cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na uku, ko wane gari ya san motar da za ta ɗauki mace da tsakad dare, da direbanta, da inda kuɗin mai zai fito. A wasu jihohin Arewa ƙungiyar direbobi ta ɗauki wannan aiki, garuruwa da dama kuma sun kafa asusun taimako. Garin da rafi ke yankewa, mai tsohon ciki ta ƙaura kusa da asibiti kafin ruwa ya yi ƙarfi.

Na huɗu, a san samarin da suka yarda su ba da jini, su bi mace zuwa asibiti. Lafiyayyen namiji ba ya cutuwa da ba da leda ɗaya.

Na biyar, a ja unguwarzoma a jiki, kada a wulakanta ta, domin ita mata ke fara kira. Ta bar yankan gishiri, ta zama mai rakiya. Hakimi ya sani kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ko wane asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa.

10. Aikin Malamin Hakimi

Ƙidayar Zariya da alƙalami da takarda aka fara ta, kayan aikin malami ke nan. Ya kamata ya ajiye littafi guda, dagatai su riƙa aiko masa da bayani ko wane wata. A rubuta ko wace haihuwa da ranarta da inda aka yi ta. In mace ta rasu da ciki, ko wajen haihuwa, ko cikin kwana 42 bayanta, a rubuta garinsu, da shekarunta, da haihuwarta ta nawa, da ko ta yi awo, da awa nawa aka yi kafin a tashi da ita, da abin da ya tsai da su. Kada a rubuta don kama laifin kowa, domin in mutane suka ga ana tuhumarsu ɓoyewa za su yi. A ƙarshen shekara littafin zai nuna wa hakimi garin da ya fi bukatar hanya ko ɗakin haihuwa, ya kuma ba shi hujjar da zai kai gaban Sarki da Ƙaramar Hukuma. Malami ya riƙa tura iyaye ofishin Hukumar Ƙidaya su karɓi takardar haihuwa.

In masu bincike daga jami'a suka zo, hakimi ya nemi ganin takardar iznin kwamitin da ke duba halascin bincike, su kuma bayyana wa jama'a aikinsu da Hausa. Yardar hakimi ba ta tsaya a madadin yardar mace ba. Ko wace ce sai an tambaye ta, wadda ta ƙi kuwa ba za a hana ta magani ba.

11. Tambayoyi

1. Mata nawa suka rasu a ƙidayar Zariya, nawa ne daga cikinsu ba su yi awo ba?
2. Me ya sa yankan gishiri ba ya maganin doguwar naƙuda?
3. Waɗanne alamu ne ke zuwa kafin jijjiga?
4. A cikin jinkirin nan uku, wanne ya fi yawa a ƙasar da malami ke aiki, wane gari kuma ya fi nisa da asibitin da ke iya yin aiki da ƙarin jini?
5. Mata nawa suka rasu wajen haihuwa a ƙasar bara? In ba a rubuta ba, a buɗe littafin a wannan wata.